Yadda ake koyon salon maganar Turanci na fifita wani a kan wani

Yaro yakan san kalmar "favourite" tun yana firamare, amma sai ya girma ya kama aiki, ya ji abokan aiki suna cewa wane shi ne "blue-eyed boy" na manaja, ya tsaya yana mamakin abin da ya haɗa launin ido da ƙarin girma. Turawa ba su cika fitowa fili su ce "na fi son wannan" ko "ana nuna son kai" ba. Sukan bi ta wasu dunƙulallun maganganu da suke kira "idioms", waɗanda ma'anarsu ba ta fitowa daga kalmominsu ɗaya bayan ɗaya, yadda mu ma idan muka ce wane ya ari ta kare ba ma nufin ya je aro wurin kare.

Na daɗe ina koyar da wannan ɓangare ga masu shirin jarrabawar WAEC da NECO da kuma ma'aikata, kuma abin da ke kayar da mutane ba ma'anar ba ce. Ma'ana tana cikin ƙamus. Abin da ke kayar da su shi ne nauyin maganar: wacce ce ta ƙauna, wacce ce ta habaici, wacce ce zargi ƙiri-ƙiri. A kan wannan aka gina hanyar da zan nuna maka.

Kayan aiki

Ka nemi littafin rubutu guda, ko mai falle 40 ya isa, ka keɓe shi ga wannan aiki kaɗai. Ka haɗa da biro biyu, shuɗi da ja. Jan yana da aikinsa na musamman, za mu zo wurin.

Sai ƙamus na Turanci zalla, irin wanda aka yi wa masu koyo, na Oxford ko Longman ko Cambridge. Kada ka dogara da manhajar fassara ta waya a nan, domin za ta ba ka ma'anar kalmomi ta bar maka nauyinsu. Ƙamus ɗin masu koyo kuwa yana sa alama a gefen magana: "informal" idan ta hira ce, "disapproving" idan ta kushe ce, "old-fashioned" idan ta tsufa, sannan ya gaya maka ko ta Ingila ce ko ta Amurka. Waɗannan alamomi su ne rabin aikin. Na Cambridge yana intanet kyauta. In babu data, ari tsohon ƙamus a makaranta ka ɗauki hoton shafukan da kake buƙata. Tsufansa ba zai cutar da kai ba, don yawancin maganganun nan sun girmi kakanninmu.

Ka tanadi ƙananan katuna kamar 30. Ba sai ka saya ba, kwalin shayi ko na sabulu ka yanka daidai tafin hannu. Daga ƙarshe, abokin gwaji, wanda ya ɗan fi ka Turanci. In ba ka samu ba, wayarka za ta tsaya a madadinsa: ka naɗi muryarka ka saurara.

1. Fara da Hausarka

Kafin ka rubuta kalmar Turanci ko ɗaya, buɗe shafin farko ka zuba duk abin da Bahaushe ke faɗa a kan fifiko. Ɗan lele, shalele, ɗan gata, ɗan gaban goshi, shafaffe da mai, mowa da bora, 'yan mowa da 'yan bora, son kai, alfarma, fadanci, neman gindin zama, uwa a gindin murhu. Ka ƙara da na garinku.

Yanzu ka tambayi kanka a kan kowace: in aka faɗa mini wannan a gaban mutane, zan ji daɗi ko raina zai ɓaci? Idan kaka ta ce wa jikanta shalelena, murmushi zai yi. Idan ma'aikata suka ce wane ɗan gaban goshin shugaba ne, ba yabonsa suke yi ba, suna nufin ba aikinsa ya kai shi inda yake ba. Ga shi duka biyun ma'anarsu "wanda aka fi so". Wannan bambanci da ka sani tun kana yaro, ba tare da wani ya koya maka ba, shi ne za ka riƙa nema a kowace maganar Turanci. Wanda ya tsallake matakin nan yakan ƙare da dogon jerin maganganu duk an rubuta "wanda aka fi so" a gabansu, ranar amfani kuma ya ɗauko ta zagi ya yi yabo da ita.

2. Tsaga shafi gida biyar

A shafi na gaba ja layuka ka fitar da gida biyar. Na farko maganar kanta. Na biyu: a kan mutum ake faɗarta ko a kan abu? Na uku nauyinta, ka rubuta "so", ko "zargi", ko "tsaka-tsaki". Na huɗu inda ake faɗarta: hira, jarida, ko wasiƙar ofis. Na biyar jimlarka. Gidan jimla ya fi sauran faɗi. Kada ka shigar da magana fiye da biyar a zama ɗaya.

3. Gyara ginshiƙi tukuna

Akwai gini uku da komai ke zaune a kansu, kuma a nan kuskuren da ya fi yawa yake.

Na farko "prefer". Abokin tafiyarta "to" ne, ba "than" ba. Ana cewa "I prefer tea to coffee". Dalilin da ya sa muke zamewa a bayyane yake: a Hausa muna cewa na fi son shayi, kuma kalmar "fi" mun saba haɗa ta da "than" tun a aji. Saboda haka "I prefer tea than coffee" takan fito da kanta, ka ji ta har a bakin masu digiri. A jarrabawa maki ne ya tafi. Kada kuma ka ƙara mata "more", domin fifikon yana cikinta. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka biyo ta Faransanci ba su cika faɗawa wannan rami ba, saboda can ma ƙaramar kalmar "à" ce ke bin aikatau ɗin fifiko, ita ce kuma takwarar "to".

Na biyu "would rather". Ita ce mai tafiya da "than", kuma aikatau ɗin da ke bin ta tsirara yake zuwa, babu "to" a gabansa: "I would rather walk than wait". Daidai take da "gara" ko "gwamma" a Hausa: gara in taka da in zauna jira.

Na uku "over": "She chose Zaria over Kano", ta zaɓi Zariya ta bar Kano. Ana haɗa ta da "choose", da "pick", da "take", da "favour".

Ka rubuta jimla uku-uku da kowanne kafin ka wuce. In ginshiƙin bai zauna ba, adon da za ka ɗora a kai ba zai tsaya ba.

4. Maganganun abin da rai ya fi so

Waɗannan ba su da haɗari sosai, don haka da su ake farawa.

"Have a soft spot for" na nufin kana da wani rauni a kan mutum ko abu, kana son sa ko da ba ka da hujja. "My grandmother has a soft spot for her last-born". Ta so ce, babu kushe a cikinta. "Be partial to" kusan haka take, sai dai an fi yin ta a kan abinci da abin sha: "He is partial to kilishi". A nan ka yi hattara. Idan ka cire "to" ka ce "The referee was partial", magana ta juya, ka zargi alƙalin wasa da son kai. Kishiyar wannan ita ce "impartial", mai adalci.

"Lean towards" ta wanda bai gama yanke shawara ba ce, amma ransa ya karkata: "I am leaning towards nursing". Tana shiga hira, tana shiga taron ofis. "Any day" kuwa ta wanda ya gama yankewa ce: "I would take fura over ice cream any day", wato ko yaushe ka tambaye ni amsar ɗaya ce. "Hands down" ita ma haka, babu ko tantama. Daga sukuwar dawaki ta samo asali: mahayin da ya yi wa sauran fintinkau yakan sauke hannu ya saki linzami tun kafin ya kai ƙarshe, don ya san ya riga ya ci.

"Not my cup of tea" hanya ce mai ladabi ta cewa abu bai kwanta maka ba. An fi jin ta da "not" ɗin. Ka lura, a Turancin Najeriya akwai masu cewa "that is your cup of tea" da nufin matsalarka ce, kai ta shafa. Bature ba haka zai fahimta ba, zai ɗauka kana cewa abin da yake so ne. Sai "the lesser of two evils", idan duka zaɓin biyu ba su da kyau ka ɗauki mai dama-dama. Lokacin zaɓe za ka gan ta a jaridu har ka gaji.

Wata kalma da ke ruɗa masu kallon ƙwallo ita ce "favourites". Idan mai sharhi ya ce wata ƙungiya ita ce "favourites to win", ba yana nufin an fi ƙaunarta ba ne, yana nufin ita ake kyautata zaton za ta ci. Idan kuma ya ce wani mai tsaron gida "got the nod", to shi koci ya zaɓa ya bar ɗayan a benci.

5. Sunayen wanda aka fifita

Nan ne aikin yake, nan kuma gida na uku na teburinka zai yi amfani. Ka jera su daga mai daɗi zuwa mai ɗaci.

A can sama akwai "the apple of someone's eye". Tsantsar ƙauna ce, ta iyaye da kakanni galibi: "Amina is the apple of her father's eye". Ba tuffa ake nufi ba. A tsohon Turanci ƙwayar ido ake kira haka, abin da mutum ya fi tattalawa a jikinsa, kuma maganar tana cikin fassarar Baibul ta zamanin Sarki James ta 1611, wanda ya taimaka mata ta yaɗu. Mafi kusa da ita a wurinmu shi ne sanyin idaniya. Ba a faɗarta tsakanin shugaba da ma'aikaci. In ka ce sakatariya ita ce "apple" na idon darakta, masu sauraro za su fassara da abin da ba ka nufa ba.

Ƙasa da ita akwai "golden boy" da "golden girl", matashin da tauraronsa ke haskawa, kowa na yi da shi. Jaridun wasanni suna yabo da ita, amma a ofis takan ɗauki ɗan ƙanshin hassada. Murya da yanayi ne ke rarrabewa.

Sai "in someone's good books", wato kana shiri da mutum a yanzu, yana ganin ka da kyau. Tsaka-tsaki ce, kuma kana iya faɗarta a kan kanka cikin raha: "I am in my mother's good books this week". Kishiyarta "in someone's bad books". Kalmar "books" kullum jam'i ce. Ɗalibai da yawa sukan rubuta "good book", alhali "the Good Book" a wurin Turawa laƙabin Baibul ne.

Daga nan sai ɗaci ya fara. "Teacher's pet" ɗan lelen malami ne, amma a bakin sauran 'yan aji, da tsiwa. Babu malamin da ke kiran ɗalibinsa haka don yabo, babu kuma ɗalibin da ke murna da sunan. Manya ma suna jifan juna da shi a wurin aiki. "Blue-eyed boy" ita ce ɗan gaban goshi sak: wanda shugaba ba ya ganin laifinsa. Ta Ingila ce, Amurkawa "fair-haired boy" suke cewa. Kada ka taɓa gabatar da mutum a taro da wannan suna kana zaton karrama shi kake yi. Na sha ganin ta a rubutun ɗalibai a matsayin yabo, mutum ya rubuta cewa yana fatan zama "blue-eyed boy" na kamfani saboda ƙwazonsa, bai san ya ce yana fatan a fifita shi ba bisa cancanta ba.

"Flavour of the month" ta fi su duka habaici. Wanda ake yayi ne a yau, kuma mai maganar yana nufin gobe za a yar da shi a ɗauki wani. Ta fito ne daga tallan masu sayar da askirim a Amurka, waɗanda kowane wata suke da ɗanɗanon da suke tallatawa.

A jaridun Najeriya za ka riƙa cin karo da "anointed candidate", ɗan takarar da mai gida ya ɗaga hannunsa. Wannan ba sai ka wahala ba, shafaffe da mai ne kalma da kalma, da irin nauyinsa.

Ɓangaren bora kuma fa? "Fall out of favour" na nufin an daina yi da kai. "Play second fiddle to someone" shi ne zama a bayan wani, kana nan amma shi ake gani. "Poor relation" ana faɗarta a kan abin da aka yi wa riƙon sakainar kashi idan aka kwatanta da takwarorinsa, misali sashen da ba a ba shi kuɗi. Amma kada ka fassara ɗan bora da "black sheep", kuskure ne da ya zama ruwan dare. "Black sheep" shi ne wanda ya fita zakka a dangi, ake ganin ya jawo abin kunya. Ɗan bora kuwa bai yi laifin komai ba, uwarsa ce ba a so.

6. Maganganun zargin son kai

Waɗannan, ban da na adalci da za su zo a ƙarshe, ka rubuta "zargi" a gabansu, sannan ka san a gaban wa kake furta su.

"Play favourites" ita ce uwa: nuna bambanci tsakanin waɗanda ya kamata a riƙe daidai, 'ya'ya ko ɗalibai ko ma'aikata. "A good teacher does not play favourites". Jam'i ce kullum, kuma ba a sa "the" a tsakiya. "Take sides" shi ne goyon bayan ɓangare guda a rigima. Tana da siga uku da ake cakuɗawa: "take sides" idan ba ka ambaci kowa ba, "take her side" idan ka ambata, da "side with her". Wanda ya ƙi ɗaukar ɓangare kuma an ce ya "sit on the fence", kuma ba yabo ba ne, ana nufin ya ƙi fitowa ya faɗi matsayinsa.

"Pull strings" shi ne amfani da sanayya a ɓoye don a samar wa wani abu, aiki ko gurbin karatu. Hoton 'yar tsana ne da ake motsawa da zare daga bayan labule. "Jobs for the boys" rabon muƙamai ne ga abokai da magoya baya. "Old boy network" ta samo asali daga tsofaffin ɗaliban manyan makarantun kuɗi na Ingila irin su Eton da Harrow, masu jawo junansu cikin gwamnati da kamfanoni. Kada ka haɗa ta da "old boys' association", wadda ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ce kawai, irin wadda kowace tsohuwar makaranta take da ita. Ka kira ƙungiyar mutane da sunan farko a takardar gayyata, ka zage su.

"Curry favour with" shi ne fadanci, neman gindin zama. Babu ruwanta da kori na miya. "Curry" a nan goge doki ne da gyara gashinsa, kuma asalin maganar wani doki ne mai suna Fauvel a wata tsohuwar waƙar Faransanci ta ƙarni na 14, wanda manya da ƙanana ke rububin shafa shi don neman shiga. Da tafiya ta yi nisa sai Turawa suka mai da sunan dokin "favour". Wanda ke ƙasa ne yake yin wannan ga na sama, ba a juyawa.

Akwai kalmomi biyu da ba salon magana ba ne amma dole su shiga littafinka, don su ne na rubutun ofis da jarida. "Nepotism" fifita dangi ne. Daga kalmar Italiyanci ta ɗan ɗan'uwa ta fito, saboda wasu fafaromomi na da sukan naɗa 'ya'yan 'yan'uwansu manyan muƙaman coci, har sai da Fafaroma Innocent na 12 ya taka wa al'adar birki a 1692. "Cronyism" kuma fifita abokai ne. Idan gwamna ya naɗa ƙanensa, ta farko ce; idan abokin karatunsa ne, ta biyu. Wadda ta haɗe su duka ita ce "favouritism".

Ka keɓe shafi guda ga Turancin gida: "long leg", da "man-know-man", da "connection". A Legas ko Kaduna kowa zai gane ka, kuma ni ban ga laifinsu a hira ba. Amma wanda bai zauna a nan ba zai ɗauka tsawon ƙafa kake nufi, mai gyaran jarrabawa kuma ba zai karɓa ba. A gaban kowace ka rubuta takwararta: "He has friends in high places", ko "Someone pulled strings for him". Haka nan kada ka ɗauki karin maganarmu ka juya ta kalma da kalma. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya magana ce da ta fi duk waɗannan armashi, amma in ka mai da ita Turanci yadda take, sai ka ƙara da bayanin murhu da na gaya.

Ka rufe wannan rukuni da maganganun adalci, domin mai ƙorafi yana buƙatar sunan abin da yake nema. "A level playing field" fili ne da bai karkata ga kowa ba. "Even-handed" mai riƙe kowa daidai. "Without fear or favour" kuwa tana cikin rantsuwar kama aiki da ke cikin tsarin mulkin Najeriya na 1999, inda mai rantsuwa ke alƙawarin yi wa kowa adalci ba tsoro, ba son kai.

7. Ɗauko jan biro

Koma farkon teburinka ka zagaye kowace ƙaramar kalma da ja: "for" a "soft spot for", "to" a "partial to", "with" a "side with" da "curry favour with", "towards" a "lean towards". Ka zagaye harafin "s" na jam'i a "books", "sides", "strings", "favourites". Salon magana ba ya karɓar gyara. Ba a cewa "mango of my eye" don an fi son mangwaro, ba a cewa "pull ropes". Abin da ke canzawa biyu ne kawai: lokacin aikatau, kamar "pulled" ko "is pulling", da wakilin suna na mallaka, "my", "his", "her", "their". A wannan na biyun ka kula, a "the apple of someone's eye" mai idon ne ke da mallakar, ba wanda ake so ba. Idan uba ne ke son 'yarsa, "his eye" za ka ce.

Ka kula da "biased" ma. "Biased towards" ko "in favour of" karkata ce zuwa ga mutum, "biased against" karkata ce don a cuce shi. Kuma "He is biased" ake cewa, da "ed" a ƙarshe. "He is bias" da ake yawan gani a Facebook kuskure ne.

Batun rubutu: Ingila "favour" da "favourite" take rubutawa, Amurka ta cire "u" tun bayan ƙamus ɗin Noah Webster na 1828. Makarantun Najeriya da Gana tsarin Ingila suke bi. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai cikin rubutu guda.

8. Jimla daga rayuwarka, sannan katuna

Kada ka kwafi misalin ƙamus a gida na biyar. Ka yi jimla da mutanen da ka sani: autan gidanku, kocin ƙungiyar unguwa, kawun da ba ya shiga rigimar gado. Abin da ka rataya a wuyan wanda ka sani ba ya ɓacewa. Littafin dai ka adana shi, kada ya faɗa hannun wanda ka kira "teacher's pet".

A katin kuma, kada ka rubuta Turanci a gaba da fassara a baya. Ka rubuta yanayi da Hausa a gaba, misali "shugaba ya ba ƙanen matarsa kwangila", ko "kaka tana ji da jikanta", a baya kuma maganar da ta dace da nauyinta. Dalili shi ne a rayuwa yanayi ne ke fara zuwa, kai kuma ka nemo magana. Ka duba katin washegari, sannan bayan kwana 3, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Wanda ka faɗi a kansa ya koma farkon layi. Idan kana da abokin gwaji, ya riƙa karanto yanayin kana amsawa da cikakkiyar jimla da babbar murya. In kai kaɗai ne, naɗi amsarka ka kwatanta da bayan katin.

9. San inda za ka ajiye kowace

A takardar zaɓi-ɗaya ta WAEC da NECO akan kawo jimla mai salon magana a ce ka zaɓi fassarar da ta fi dacewa. Kusan kullum akwai amsa guda da ta bi kalmomin a zahirinsu, mai maganar ido ko littafi ko zare. Fara da soke ta. Cikin sauran, nauyin maganar zai raba maka gardama: in ka san ta zargi ce, amsar da ke yabo ta fita.

A ɓangaren baka na IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasashen waje, wanda ke ɗaukar minti 11 zuwa 14, ana ba da maki ga wanda ya iya amfani da irin waɗannan maganganu a muhallinsu, kuma tambayoyin "wanne ka fi so" ba sa ƙarewa a cikinta. Guda biyu ko uku da suka zauna daram sun wadatar. Wanda ya cusa su a kowace jimla kamar mai shafa turare kala biyar ne a riga ɗaya.

A wasiƙar ofis kuwa ka ajiye kusan dukkansu. Idan za ka kai kuka a kan ƙarin girma ko rabon aiki, "blue-eyed boy" da "jobs for the boys" za su sa a karanta takardarka a matsayin tsegumi, kuma zargin mutum da suna a rubuce ba tare da hujja ba yana iya juyowa kanka. Ka yi amfani da "preferential treatment", wato an ba wani kulawa ta daban, ko "I was passed over for promotion", an tsallake ni a ƙarin girma. Ka kawo ranaku da abin da ya faru, sannan ka nemi a duba tsarin da aka bi da jimla irin "I request that the selection process be reviewed".